Tsohon Babur Mai Son Ɗumame

Marigayi Mamman, mahaifin Malam Gado, shi ne mutum na farko da ya ɗumama babur da tukunyar tuwo a ƙauyukan da ke arewa da Sukukutane, kuma ya yi haka ne cikin ɗarin shekarar 1994. Da jan babur ɗinsa ya ƙi tashi wata safiya, sai ya jingina tukunyar ɗumame mai zafi a jikin injin, ya rufa da bargo, ya ɗan jira, ya buga sau ɗaya ya kama. Gado ya gaji babur ɗin, ya gaji tsarin, bai taɓa sauya ko guda ba.

Akwai wani tsarin kuma a gidan nan: kaka ne ke zaɓen sunan jika, ya raɗa wa liman a kunne safiyar suna. Idan rana ta ɗaga bai iso ba, zaɓin ya koma ga dangin uba. To, ga 'yarsa Fadila ta haihu a Sukukutane, jikar fari. Mijinta Abdulwahid ya roƙi tsohon ya faɗi sunan ta waya don a huta.

"Ba a taɓa aika sunan ɗan Adam ta iska a gidanmu ba," in ji Gado. "Da bakina zan kawo shi."

Abin da ya manta shi ne, uwargidansa Zalihatu ta riga ta tafi wajen mai jego. Da ya idar da sallar asuba ranar sunan, sanyi na ratsa ƙashi, sai ya iske murhu a mace, babu tuwo balle ɗumame. Ya ja ɗan ƙarfen da ke rage wa injin iska, ya buga. Shiru. Ya murɗa mai, ya sake bugawa, ya yi ta bugawa har gwiwarsa ta soma rawa, warin mai ya cika tsakar gida.

Maƙwabciyarsa Ajuma ta leƙo ta kan darni. Da ta ji dalili, ta kawo tata tukunyar, ta kuma yi wa sauran mata magana. Kafin a jima babur ya zauna tsakiyar tukwane kamar baƙon da aka girmama, tururi na tashi ta ƙarƙashin bargo. Gado ya gyara rawani, ya buga. Babur ya yi tari guda, ya yi tsit.

Ana haka sai ga Sambo, Bafillace tsaran Gado kuma abokin wasansa irin na Fulani da Arawa, yana jan bijiminsa zuwa rijiya. Ya tsaya, ya dogara da sanda.

"Ba'are, wagga walima ta mi ce? Ƙarfe kuka ba tuwo, ni da ke da hanji kun hana?"

"Wuce da sanka, Bafillace. Mi ka sani ga inji?"

"Na san abin da aka ɗura wa ruwa har ya shaƙe. Hancina ya gaya mini tun daga bakin gari."

Gado ya sunkuya kan injin, domin shi ma hancinsa ya gaya masa. Yawan murɗawa ya sa mai ya jiƙe buji, ɗan abin da ke ba injin wuta. Ya kwance shi, ya same shi baƙi jage-jage, ya goge, ya kara a garwashin Ajuma har ya bushe, ya mayar da zafinsa. Amma da ya ɗora ƙafa zai buga, gwiwa ta ƙi. Gabas kuwa ta yi ja.

"Hau," in ji Sambo. "Yau sa zai ja Ba'are, in samu labarin ba jikokina."

Aka tura babur zuwa faƙon bayan gari inda ƙasa ke da tauri, aka ɗaura igiya. Gado ya sa giya ta biyu, ya riƙe kulaci, Sambo ya daka wa bijimi tsawa. Da gudu ya kankama, tsohon ya saki hannu. Babur ya yi tari, ya harba, ya ɗauki ruri. Bijimi ya firgita, ya tsinke igiya, ya nufi gonaki, Sambo na biye yana zagin Arawa kaf, mata na guɗa. Takalmin Gado guda ya faɗi, bai waiwaya ba, don ya san in ya tsaya an koma farko.

Ya iso rana na taɓa kan bishiyoyi, mutane sun cika tabarmi, wan Abdulwahid har ya matsa kusa da liman yana gyara murya. Gado ya ratsa taron da takalmi ɗaya, ya durƙusa, ya raɗa. Liman ya ɗaga kai, ya ce, "Sunan yarinya Ruƙayya."

Abin da aka samu a ranar: jika mai sunan da kakanta ya zaɓa, da cinyar rago da aka aika wa Ajuma, da dariyar da Sambo ke karɓa duk ranar kasuwa. Abin da aka riƙe kuwa: haƙƙin kaka, da babur, da takalmi ƙafa guda.