Waliyyan Bangon Ɗakin Cin Abinci

Sistocin coci uku ne suka kafa makarantar a wani tsohon sito, da allo ɗaya da ƙararrawar aro. Sun bar wa na baya al'ada guda: baƙo ba ya ganin rashinsu. Gwaggona, sistar da ke shugabantar makarantar a yanzu, ta riƙe wannan al'ada fiye da azumi.

Bangon ɗakin cin abinci ya tsattsage. Jami'in duba makarantu ya ce ko a gyara kafin damina, ko ya rufe sashen kwana. Cikin tsofaffin ɗalibai, Mai Kemis ce kaɗai ta ce za ta zo ta gani. Ta yi arziki.

"Gwaggo, ki bar bangon yadda yake," na ce. "Sai an ga ciwo ake ba da magani."

"To, 'yata."

Ranar zuwan, na tarar kowace tsaga da waliyyinta. An kwaso hotuna daga coci, daga ofis, har daga ɗakin jinya, an rataye. Wasu a karkace, don tsaga ba ta bin layi.

Mai Kemis ta zagaya tana gyaɗa kai. "Sista, ai kun fi zamaninmu! Ni da na ɗauka kuna cikin matsi."

Gwaggo ta yi murmushin mai ciwon haƙori. Ƙarya ba ta yi, roƙo kuma ba ta iya ba.

"Anti," na ce, "ba a barin baƙo ya tafi haka nan. Zaɓi hoto ɗaya, kyauta."

Gwaggo ta taka min ƙafa. Mai Kemis ta nuna mafi girma, Waliyyi Yusufu da zartonsa.

"Wannan nauyi gare shi," in ji Gwaggo. "Ga ƙarami can."

"Shi nake so. A gabansa kika sa ni durƙuso ranar da na saci sukari."

Direbanta ya ɗaga hoton. Ta ramin da ke bayansa sai ga fuskar mai girki daga kicin, da ludayi a hannu.

"Sista, a zuba?"

Mai Kemis ta yi dariya har ta zauna a benci. Sannan ta bi sauran hotunan da kallo, dariyar ta tsaya.

"Duka?"

"Ban da Maryamu," in ji Gwaggo, kai a sunkuye. "Ita don Allah muka rataye ta."

Mai Kemis ta juya wurin direba. "Kira min magini. Ka ce ya taho da ma'aikatansa duka."