Ramin da Situma Ya Haƙa

Namalwa tana jan wani ruɓaɓɓen kututture zuwa bakin rami, sai ta hangi kwanon abinci a ƙofar ɗakin surukinta, a rufe yadda ta ajiye shi. Ta je ta ɗaga murfin. Ugalin, wato tuwon masara, ya sandare, ko gutsura ba a yi ba. Tun shekaranjiya haka tsohon yake yi, ga shi likita a garin Bungoma ya ce maganinsa ba a shan sa da yunwa.

Matar ɗa ba ta shiga ɗakin uban mijinta, mijin kuma yana Eldoret wurin aiki. Don haka a bakin ƙofa ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaya ko miyar ce ba ta yi masa ba.

"Maman Nekesa," Baba Khaemba ya kira ta daga ciki, "ki gaya wa Situma ya ƙara zurfi. Wannan ai ko kare sai ya tono ni."

Ta waiwaya. Sai a lokacin ta ga abin da tsohon yake gani ta tagarsa: dogon rami a cikin gida, jar ƙasa tsibi a gefe, ga Situma a ciki da shebur. Situma kuwa duk kabarin da aka haƙa a ƙauyen nan da hannunsa a ciki. Ita ƙarfinsa kawai ta duba da ta kira shi.

Ta rantse masa cewa lambu ne. Ta yi masa bayani a hankali, yadda aka koya musu a ƙungiyar mata: ƙasar gidan ta gaji, ba ta riƙe ruwa. Za a jera itace a ƙasan ramin, ya sha ruwan sama ya ajiye, yana ruɓewa yana ciyar da saiwa. Tsohon ya ce ya gode da wannan ƙaryar, ta nuna tarbiyya. Amma da safe ya ga an jawo kututturen ayaba, kowa kuma ya san da shi ake rufe kabarin da mai shi ya ƙi mutuwa.

Situma, da ke sauraro, ya jingina da shebur yana dariya.

"Haba Baba, naka zan haƙa iya gwiwa? Kuma a bushe, ba giya ba naman sa?"

Tsohon ya kira shi marar kunya, ya ce ubansa ma haka yake. Da Namalwa ta ji ƙarfin muryar, sai ta roƙi Situma ya shiga ya fito da shi. Aka zaunar da shi a kujera ƙarƙashin bishiyar mangwaro, bargo a kafaɗa. Ba ta ƙara yi masa bayani ba, ta koma aikinta.

Ta jera manyan itatuwa a ƙasa, ta cusa ƙananan rassa a tsakaninsu. Ta sassara kututturen ayabar ta shimfiɗa, sannan busasshen karan masara, sannan ɗanyen ganye. Ta watsa kashin shanu, ta barbaɗa toka, ta yayyafa ruwa kafin ta rufa da ƙasa kaɗan. Tsohon yana kallo.

Ta ɗauko wani gungume za ta fara ɗaya ɓangaren, sai ta ji ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ajiye wannan. Itacen turare ne. Kin taɓa ganin abin kirki ya tsiro a gindinsa?"

Ya tura Situma bayan garke ya jawo ɓauren da iska ta kayar bara, wanda ya yi laushi har farce na shiga. Daga nan bakinsa bai huta ba. Toka ta yi yawa, kashin shanun nan bai huce ba, a ƙara ruwa a kusurwar can. Namalwa tana cewa "to, Baba," tana yin yadda ya ce, ko a inda ta san ba haka aka koya musu ba.

Da rana ta karkata ya tambaya yaushe za a yi shuka. Ta ce sai ramin ya zauna, ruwan ƙarshen shekara ya sauka. Ganye zai isa tsinka wajen Kirsimeti.

Ya daɗe yana duban ramin.

"Gefen gabas ki bar min. Kabewa zan sa."

Namalwa ta sunkuyar da kai. Ta san kabewa ba ta ƙosawa sai an shiga sabuwar shekara sosai, ta kuma san ya fi ta sani.

"To Baba," in ji Situma, "har yanzu in ƙara zurfin?"

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna kwanon da ke ƙofar ɗakinsa da sanda.

"Maman Nekesa, wancan ya huce. Tuƙa min sabo."