Dawisun Baba

Tun kafin a haife ni Baba yake zuba dawisu a kan zanin gado, amma bai taɓa ganin dawisu da idonsa ba. Ɗinkin ado ne sana'arsa: zanin gado, rigar filo, labule. Kusan kowace amarya a layinmu a kan tsuntsayen Baba ta kwanta, guda biyu suna fuskantar juna, miji da mata, kowanne ya baje jela. Shi ma a wajen maigidan da ya koya masa aiki ya gaji zanen.

Sai ciwon ido ya zo. Hawan jinin ido, in ji likita. Abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Gefe da gefe duk ya rufe, saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ranar da muka dawo daga asibiti na tambaye shi ko akwai abin da yake so a yi masa. Na zaci zai ce a kira masa 'yan'uwansa. Sai ya ce, "Ki kai ni in ga tsuntsun nan tun da sauran gani."

Shi ya sa ran Asabar muka ɗunguma gidan namun daji: ni, Baba, 'yata, da ƙanena Auta, wanda ya kai mu a motarsa. Auta ya ajiye gemu har da furfura ɗaya-ɗaya, amma bakinsa bai girma ba. Baba kuwa ya sa rigarsa mafi kyau, ya cusa zare kala-kala a aljihu, shuɗi da kore, wai zai kara su da jikin tsuntsun ya ga ko duk shekarun nan daidai yake yi.

Ni da na zo da niyyar mu wuce kai tsaye wajen dawisu, raƙumin dawa ne ya fara tsayar da ni. Subhanallahi! A hoto ba ka sanin girman abu. Yana tafe a hankali, kansa can sama da rufin rumfa, ga gashin ido zara-zara kamar an sa masa kwalli. Baba ya fara kallonsa daga kofato, yana ɗaga kai sannu sannu.

"Wai har yanzu wuya ne?" ya tambaya.

"Har yanzu, Baba," in ji Auta. "Ci gaba, akwai saura."

Hular Baba sai da ta faɗi ƙasa kafin ya kai kan. Ya daɗe baki buɗe, sannan ya ce, "Ikon Allah." Giwa kuma ta kwaso ruwa da hanci ta sheƙa a bayanta, 'yata ta ƙanƙame ni tana ihu tana dariya. Da ta su ce, a nan za mu yini. Na ce, "Don Allah ku wuce mu tafi, ba giwa ta kawo mu ba!"

Muka isa kejin da aka zana dawisu a jikin allonsa, wayam. Raina ya ɓaci nan take. Na tare wata ma'aikaciya mai tura baro cike da ganye, na ce, "Baiwar Allah, ina tsuntsun? Ko shi ma Asabar ba ya zuwa aiki?" Ta yi dariya, ta ce ba a kulle su, yawonsu suke, kuma in rana ta take sukan fake a bayan gidan gilashi inda ake renon tsirrai. Ta ce mu ratsa ta ciki, ya fi kusa.

Auta ya tura ƙofar gilashin, wani ɗumi mai laima ya buge mu. Ba mu yi nisa ba Baba ya tsaya cak. Ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Shi ke nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ya tafi. Fari kawai nake gani."

Gabana ya yanke ya faɗi. Na fara salati, ina cewa a cikin raina, ya Allah, ba yau ba, ba a bakin ƙofa ba. Sai na ji Auta yana ƙyaƙyata dariya. Na juyo zan wanke shi da mari, sai ya zare tabarau daga fuskar Baba ya nuna min. Tururi ne ya lulluɓe gilashin, ya yi fari fat. Ya goge da bakin rigarsa ya mayar masa.

"Ɗan banzan yaro," in ji Baba. "Ka bari in gama tsorata mana."

Da hankalinmu ya dawo muka ɗaga kai. Ban san akwai irin wannan wuri a cikin garin da nake zaune ba. Itatuwa sun miƙe har rufi, saiwoyi na reto daga sama kamar igiyar shanya, ruwa na ɗiga ta ko'ina. A kan wani tafki ga ganye shimfiɗe, kowanne ya fi faifan tire girma, har da baki a naɗe. Wani fure kuma ba ya ƙasa ma, a jikin kututture ya maƙale, fari da ɗigon ja. Baba ya kai fuskarsa dab da shi, ya daɗe.

"Dubi gefen nan," ya ce. "Ba inda zare ya tsallake."

Da kyar na ɓamɓare shi daga wajen.

Muna fita ta ƙofar baya muka ga wata tsuntsuwa ruwan ƙasa tana tonon ciyawa, ba jela ba ƙyalli, sai ɗan tukku a ka. 'Yata ta karanta allon da ke wajen da ƙarfi, ta ce macen dawisu ke nan. Baba ya ce ƙarya ne. Ta sake karantawa: namiji kaɗai ke da doguwar jela.

Auta ya riƙe ciki. "Baba! Ashe duk amaren nan zakaru biyu ka yi ta shimfiɗa musu!"

"Rufe min baki," in ji Baba, amma shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa. "Allah ya jiƙan maigidana. Shi ma ashe bai taɓa gani ba."

Sai ga namijin ya fito daga ƙarƙashin shinge, yana jan jela a ƙasa. Wuyan nan, ban san sunan da zan ba shi ba. In ya juya nan shuɗi, in ya juya can kore. Baba ya zaro zarensa ya ɗaga, ya dubi zaren, ya dubi wuyan, ya mayar aljihu.

Jelar dai ya ƙi buɗewa. Auta ya yi fito, ya tafa, har rawa ya taka masa. Ni kuma na roƙe shi, na zage shi, na sake roƙonsa. Ko kallo ba mu ishe shi ba. Mun gaji mun zauna a kan benci ke nan sai macen ta gifta ta gabansa, ita ko a jikinta. Sai muka ji wani shuuu kamar iska a cikin busasshen ganye, jelar ta tashi ta buɗe, ta fi tsayin 'yata, zane mai kama da idanu birjik a jikin gashin, suna karkarwa a cikin rana. Ni kaina tsigar jikina ta tashi.

Na juya in ga fuskar Baba, sai na gane. Jelar ta fi ƙarfin ɗan ganin da ya rage masa. Ba zai iya ɗaukarta gaba ɗaya ba. Ya fara daga gefen dama can ƙasa, yana bin idanun ɗaya bayan ɗaya, kansa na motsi a hankali, leɓɓansa na rawa.

"Tsaya, ɗan'uwa," yake cewa. "Tsaya min, ban gama ba."

Ya kai tsakiya ke nan macen ta shige shinge. Tsuntsun ya girgiza, ya naɗe kayansa, ya bi ta.

Na ce, "Baba, mu jira, zai sake."

"A'a, Yaya babba, kar ki wahalar da shi." Haka yake kirana in yana lallashi. "Ɗaya gefen ma haka yake, ko?"

"Haka yake, Baba."

"To ai shi ke nan. Mu a wajen aikinmu, in ka samu rabi, ninke ƙyallen kake yi, ɗayan ya fito." Ya cire tabarau ya rufe ido, ya jingina da bencin. "Ku yi min shiru kaɗan, ina ninkewa."

Auta ya juya mana baya yana share fuska da hannun riga. Muka zauna muna jira ya gama.