Ramin da Shef Zubairu Bai Cike Ba

Duk ramin da aka haƙa, dole a cike shi. Wannan ita ce dokar aiki, kuma a Akokan kaf babu wanda ya san ta kamar Shef Zubairu, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana shugabantar ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa kafin a rufe ma'adinan. Tun da aka sallame shi, sai ya koma fadar shayi yana koya wa mutane dokar kyauta.

Da aka gano sankarar mama a jikin matarsa, Ni'imatullahi mai fura, shi ya fara sanar da fada yadda za a yi.

"Za a cire, a cike," in ji shi. "Sai ta dawo kamar ba a taɓa ba."

"Shef, mutum ce fa, ba galarin haƙar ma'adinai ba," in ji Ismaghil direba, abokinsa.

"Kai dai zuba shayi."

A asibitin Yamai, likitar mace ce, ta zaunar da su ta yi bayani dalla-dalla. Ana iya cire ƙullun kaɗai, amma sai an zauna makonni ana gashin haske. Ana iya cire maman gaba ɗaya a bar wurin haka. Ana kuma iya cirewa a sake ginawa, ko da roba, ko da tsokar da za a ɗebo daga bayanta.

"Na baya," in ji Zubairu. "Da kayan wurin ake cike rami."

Likitar ba ta dube shi ba. "Hajiya, ke me kika gani?"

Ni'imatullahi ta gyara mayafi. "In an ɗebi naman bayana, kafaɗar za ta iya daka?"

"Za ta yi rauni na wani lokaci. Wasu ƙarfinsu yakan dawo duka, wasu kuma da saura."

"In an cire an bar shi haka fa?"

"Kin fi saurin komawa aikinki. In kin canza ra'ayi daga baya, ginin ba ya guduwa."

"To a cire, a share wurin. Wannan ya shayar da 'ya'yana har sun yi gemu, ya gama aikinsa. Hannun ne bai gama ba."

Zubairu ya yi gyaran murya, ya juya ga matarsa. "Uwar Illi, doka ta ce..."

"Malam, duwatsun nan da ke jibge bayan gari, waɗanda sun fi gidajenmu tsawo, daga wane rami suka fito? Ko su ba su ji dokar ba?"

Shef ya shiga duban silin, kamar mai neman inda ya tsage.

Aka yi tiyata lafiya. Ta dawo Akokan a motar fasinja, kai a miƙe, mayafinta kwance a gefe guda, ba ta cusa auduga ba. Matan unguwa da suka zo dubiya da fuskar ta'aziyya, sai suka tarar da ita tana tafiya da yatsu a jikin bango, tana ɗaga hannun sama kaɗan-kaɗan kamar yadda aka koya mata.

"Ku daina min wannan kallo," in ji ta. "Ni na zaɓa. A cikinku, wadda ta ji ƙullu a mamanta, ta zo in gaya mata tambayoyin da za ta yi."

Sai dai likita ta hana ta ɗaukar nauyi da daka har ɗinki ya kama, masu sayen fura kuwa ba sa jiran kowa.

Washegari da hantsi, 'yan fada suka ji sautin turmi daga gidan Shef, mai nauyi, marar tsari. Can sai ga shi ya fito da ƙwarya a ka, garin gero a gemu. Ni'imatullahi na gaba tana gaisawa da mutane, shi yana biye.

Ismaghil ya buɗe baki, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya mayar da bakin kan kofin shayi.

"Malam, a hankali da ramin nan na gabanka," in ji ta.

Ya kewaye shi.