Tallan Man Takalmi

Gbenro ba shi da ofis, ba shi da maigida. Rubuta talla ce sana'arsa: yau mai sabulu ya kira shi, gobe mai maganin basir, ya tsara musu abin da za a karanta a rediyo. Masu irin wannan aiki a Legas sun fi sauro yawa, amma shi ake rububi, domin tallansa kamar hirar maƙwabta yake. Yakan ce baiwa ce. Ƙarya yake yi, kunne ne da shi, sai ƙarancin kunya.

Wani kamfanin man goge takalmi ya ba shi aiki, ya yi ta juya biro, kai ya ƙi kawo komai. Ana cikin haka yayansa Akanmu ya kira shi cin amala a wata rumfa a Mushin. Akanmu akawu ne a wani kamfanin fiton kaya, mutum mai tsafta da jin kai. Loma biyu ya yi ya tsame hannu.

"Tun kafin Kirsimeti suka sallame ni," in ji shi. "Ko matata Maman Tolani ba ta sani ba. Kullum sai in sa kwat, in ɗauki jaka, in je ƙarƙashin gada in zauna wajen mai jarida. Da yamma in goge takalmina da jan hankicin nan a bakin ƙofa, in shiga ina cewa yau aiki ya sha ni. In takalmi yana sheƙi ba mai tambayarka inda ka wuni. Na kusa samun wani wurin. Ka rufa min asiri."

"Haba Yaya, wa zan gaya wa?"

Bai gaya wa kowa ba kuwa, rubutawa ya yi. A sana'arsu in aka ɗauko labarin mutum, da an canja suna da unguwa an wanke hannu ke nan. Gbenro ya canja su. Amma jan hankicin ya yi masa daɗi, ya kasa cire shi, haka ma "yau aiki ya sha ni". Kamfani ya yaba, har suka ce ya fara tunanin kashi na biyu, ranar da matar za ta gane.

Ran wata Lahadi bayan coci aka taru cin sakwara a gidan Akanmu, har da surukarsa. Rediyo na ta surutu a kan firji. Gbenro ya ji kiɗan farkon tallan, daɗi ya kwashe shi, ya manta a gidan wa yake zaune.

"Ku ɗan saurara, wannan nawa ne," ya ce, ya miƙe ya ƙara murya da hannunsa.

Surukar ta yi ta dariya har da ƙwalla. "Kai, Allah wadaran namiji irin wannan. Matarsa kuma makauniya ce?"

Maman Tolani ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta je inda kwat ɗin mijinta ke rataye, ta zaro hankicin, ya yi baƙi da man takalmi, ta kawo ta ajiye a gefen kwanonsa. Dariyar tsohuwar ta tsaya. Akanmu ya sunkuyar da kai, miya na bushewa a yatsunsa.

"Baban Tolani," matar ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "ni da nake tashi da asuba in haɗa maka abincin ofis, ashe mai jarida nake ciyarwa. Korar ba ta dame ni ba, ana korar mutane kullum. Amma takalminka ya san halin da kake ciki, ni matarka ban sani ba."

Gbenro ya ji tausayin yayansa, har ga Allah ya ji. Sai dai maganar ta yi kyau, ta yi kyau ƙwarai, ga shi ba halin ɗauko waya ya rubuta ta a gaban mutane. Ya shiga maimaita ta a ransa don kada ta ɓace masa.

Akanmu ya ɗago kai yana neman wanda zai tsaya masa a ɗakin. Ya dubi ƙaninsa, ya ga leɓensa na motsi.