Shanu Arba'in a Kwamfutar Shugaba

Shekara shida Aulis Kemppainen yana shugabantar ƙungiyar masu amfani da Linux ta garin Oulu, amma bai taɓa sa Linux a kwamfutarsa ba. Duk Asabar ɗin farkon wata yakan tsaya a ɗakin taro na laburare ya yi wa jama'a wa'azin Linux, manhajar da kowa zai iya buɗe cikinta ya gani, ya gyara, ya ba maƙwabci kyauta. Mutane su kawo kwamfutocinsu a sauya musu, a sha kofi, a watse. Tasa kuwa tana cikin jaka, kullum wai batirinta ya mutu.

Shanu ne suka riƙe shi. Yana da gona a cikin wani tsohon wasan kwamfuta, shanu arba'in da ya shekara tara yana kiwo, kowace da sunanta, wasan kuma a manhajar kamfani ta sayarwa kaɗai yake tashi, ba a Linux ba. Ko matarsa ba ta san yawansu ba.

Wata Asabar sai kwamfutar laburare da ake haɗawa da majigi ta ƙi tashi, ga mutum ashirin zaune da kofuna a hannu. Tuulikki, tsohuwar malamar lissafi mai riƙe da makullin ɗakin, ta ce a yi da ta shugaba mana. Ya ce batiri. Ta miƙo caja. Ya ce bakin cajarsa daban ne. Ta zazzage jakarta, caja iri biyar suka zubo.

Haka aka jona. Tambarin kamfani ya fito a bango ƙato. Da yake kuma jiya bai rufe wasan ba, sai ga wata jar saniya ta cika bangon tana tuƙa, ta saki kuka ta lasifikar laburare.

Mutanen Oulu ko gobara ake ba sa gaggawar magana, amma a wannan karon har Aulis yana jin kofi na sauka a maƙogwaron na layin baya.

"Ya sunanta?" in ji Tuulikki.

"Omena," ya ce yana kallon takalminsa.

Daga nan ya amayar da komai. Reijo, mataimakinsa mai dogon gemu wanda ya daɗe yana harin kujerar, ya karanto dokar ƙungiya a hankali: ko shugaba ya sauya zuwa Linux yau, ko ya sauka. Aulis ya ce in ya sauya shanun za su mutu. Tuulikki ta ce akwai dabarar da ake wa irin waɗannan wasanni su tashi a Linux, sai dai ba ta yi masa alkawari ba.

Ya miƙa kwamfutar a sauya mata, ya fita baranda yana kai-komo kamar mai jiran matarsa a ɗakin haihuwa. Bayan awa guda aka kira shi. Ga gonar a bango, ga shanu arba'in cif, ya ƙirga sau biyu. Sai dai ba ko ɗaya mai ƙafa. Suna shawagi saman ciyawa kamar jiragen ruwa, suna kiwonsu hankali kwance.

"Tuulikki, ina ƙafafunsu?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ƙara kofi.

"Ai manhajar a buɗe take, shugaba," in ji Reijo. "Ka shiga ka gyara. Kai ka koya mana."

Aka yi ƙuri'ar ɗaga hannu, aka bar wa Aulis kujerarsa, Reijo kaɗai ya ƙi. A hanyar fita Aulis ya ari littafin koyon rubuta manhaja, na 'yan farko, ya ɓoye shi cikin rigar sanyi.

Kafin ƙanƙarar hunturu ta narke ya mayar wa sha ɗaya da ƙafafunsu. Sauran har yau shawagi suke, amma suna ba da nono.