Baya na Kubra Ne, Jaka Ta Nemi Gefe

Ranar da jakar hannun Malama Lailatu ta faɗa rafi, ko kaɗan ba jakar ta yi wa salati ba. Tsohuwa ce tun ta lefe, zif ɗinta ma sai an lallashe shi yake rufuwa. Abin da ke ciki ne ya ɗaga mata hankali: na'urar awon hawan jini, wadda take zaga ƙauyukan bayan Basirka da ita tana duba masu juna biyu. Yadda abin ya faru kuwa, tana bayan babur ɗin Ɗan'azumi, ɗan acaɓan da ke kai ta zagaye, hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen babur, ɗayan yana tallafe da kan Kubra, 'yarta mai wata biyar da ke goye. Jaka kuwa tana kan cinya ba mai riƙe ta. Babur ya daki dutse, jaka ta yi tsalle ta yi nata wuri.

Malam Ikrima, shugaban ɗakin shan maganin da take aiki a Gwaram, bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ta fi jin sauƙi.

Ya ce, "Malama, ba faɗa nake miki ba. Ga goyo, ga damina. Na'ura ɗaya ta rage mana, in ita ma ta sha ruwa mun tashi aiki. Ko dai ki samo yadda za ki riƙa ɗaukar kayanki, ko Ahmad ya karɓi zagayen har ki yaye."

Ahmad ma'aikaci ne na kirki, ba mai musun wannan. Amma namiji ne. Kuma a ƙauyen da ke tsallaken rafin nan akwai gidan Malam Sabo, inda aka rubuta "Ba Shiga" da jan fenti a goshin zaure, kuma ba don ado aka rubuta ba. A cikin gidan akwai Barira. Ciki biyu ta yi, duka suka zube a wata na takwas saboda hawan jini, ga na uku yanzu ya shiga wata bakwai. Duk Talata Lailatu ce ke auna ta. In ta gama, Barira kan shafa ƙafar Kubra ta ce, "Malama, ni bayana bai taɓa sanin ɗumin goyo ba." In aka ba Ahmad zagayen, iyakarsa bakin zaure, ya yi sallama, a ba shi ruwa a moɗa, ya juyo. Wannan ne ya hana Lailatu cin tuwon kirki kwana biyu.

Maigidanta Malam Badamasi, malamin firamare ne, mutum mai saurin tausayi da saurin yanke shawara. Ya ga matarsa ta shiga damuwa, bai ce mata uffan ba, ya hau mota zuwa Birnin Kudu. Da la'asar sai ga shi yana washe baki, da wata ƙatuwar baƙar jaka a hannu.

"Maman Kubra, matsalarki ta ƙare. Duba nan! Ba ta shan ruwa. Hannuwanki biyu duk a sake."

Lailatu ta dubi jakar, ta dubi mijinta. Jakar goyo ce, irin ta 'yan makaranta, mai hannu biyu.

"Allah Ya saka da alheri, Malam. A ina zan sa ta?"

"A baya mana!"

Sai ta juya masa baya a hankali. Kubra na nan lafe cikin zani, ta sha ɗaurin majanyi, tana barcinta har da miyau. Malam Badamasi ya yi tsaye da jaka a hannu. Mutumin da ya tsaya ya auna tsawon jaka, ya ja zif sau goma, har ya zuba mata ruwa don gwaji, ya manta cewa bayan nan da mai shi! Can ya ce, "Af!" Dariyar da Lailatu ba ta yi ba kwana biyu ta kuɓuce mata, har ta dafa bango.

Washegari suka koma Birnin Kudu tare, su uku, don Lailatu ta ce wadda za a yi zaman tare da ita dole a je da ita. Mai rumfar jakunkunan Baba Simon ne, dattijo mai furfura, tsohon soja da ya ajiye aiki ya zauna a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da ya ji labari ya yi dariya har ya share ido.

Ya ce, "Malam, ai ni ma da laifina, ban tambaye ka ko Hajiya na da goyo ba. Hajiya, faɗa mini aikinki tukuna, kafin in nuna miki komai."

Ta faɗa masa: babur, rafi, ruwan sama, na'ura, katunan awo, magunguna, waya, ga 'yan kayan Kubra. Ya saurara kamar mai karɓar umarni, sannan ya shiga ciki ya fito da jaka uku, duk na ratayawa a gefe, irin na sojoji. Kai, Lailatu ba ta taɓa sanin ana yi wa jaka irin wannan aikin ba! Yadin kauri gare shi, ɗinkin ninki biyu a duk inda nauyi ke ja, ga aljihu cikin aljihu, ga layukan maɗauri a jiki inda za ka maƙala abin da ka ga dama. Wanda ya ɗinka su ya zauna ya yi tunani, wallahi, ba gaggawar cika kasuwa ya yi ba.

Malam Badamasi ya kai hannu kan ta farko, mai roɗi-roɗi irin kakin soja. Baba Simon ya janye ta.

"Wannan don ku gani ne kawai. Kowane shingen hanya sai an tsare ta an tambaye ta inda ta samo. Matan ƙauye kuma su hango ta su ce hukuma ce ta zo kama wani."

Ta biyu ruwan ƙasa ce, ta fi duka kyau, kuma Lailatu ta so ta. Amma murfinta irin mannen nan ne mai ƙara. Tana ɓalle shi ya ce ƙyaaat, Kubra ta zabura ta tsala ihun da ya sa mai rumfar takalma leƙowa.

Lailatu ta ce, "To, mai bayan ta ƙi." Ta ajiye ta.

Ta uku ba ta da wani kwalliya, kore ce mai duhu. Murfinta faffaɗa ne, yana rufe zif ɗin gaba ɗaya yadda ruwan sama zai bi ta kai ya wuce. A ciki akwai wani aljihu mai soso ta ko'ina, inda na'urar za ta shige daidai kamar da ita aka auna. Igiyar ratayawar mai faɗi ce, shimfiɗaɗɗiya, ba ƙarfe ko ɗaya a tsakiyarta. Amma Lailatu ba ta yi murna ba tukuna.

Ta ce, "Baba, ga inda matsalar take. Igiyar nan ta baya za ta bi. Ke nan sai na rataya jaka, sannan in goya yarinya a kanta, in ɗaura zani, in sa hijabi. To in na isa gidan mutane fa? Kafin in cire jakar ta kaina sai na tuɓe hijabi na kwance goyo? A gaban wa?"

Baba Simon ya kalle ta, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tambayar da ta dace. Sai ya juya jakar ya nuna mata kusurwoyinta biyu na sama. A kowace akwai maɓalli na baƙar roba, inda igiyar ke haɗuwa da jaka. Ya matsa ɗaya da yatsu biyu, ƙas, ya matsa ɗayan, ƙas. Jaka ta rabu da igiya.

Ya ce, "Mu dai sojoji an yi mana shi ne don in jaka ta sarƙe da wani abu, mutum ya sake ta ya tsira. Ban taɓa tunanin goyo ba."

Matar Baba Simon ta shigar da ita bayan labule. Lailatu ta rataya jakar, ta mayar da Kubra bayanta a kan igiyar, ta ɗaure, ta zura hijabi. Ta fito ta yi taku goma ta dawo. Jakar na zaune a ƙugunta ƙarƙashin hijabi, ba ta lilo, Kubra kuma ko motsi. Ta sa hannu ɗaya, ƙas, ƙas, ga jaka a hannunta. Ta mayar, ta kuma cirewa, har sau biyar, don ita ba ta yarda da abin da bai maimaita kansa ba.

Ta ce, "Wannan ce."

Talatar da ta biyo baya aka wayi gari da ruwa, bai tsagaita ba sai hantsi. Da suka isa rafin nan, Ɗan'azumi ya taka birki ya girgiza kai.

"Malama, yau babur ba zai tsallaka ba. Mu juya."

Kafin ta ba shi amsa sai ta hango kurar shanu, wato amalanke, a ɗaya gaɓar, maza biyar ko shida na kewaye da ita. A kan kurar an shimfiɗa tabarma, mace na kwance an lulluɓe ta. Lailatu ta gane Malam Sabo tun daga nesa.

Ta sa hannu ƙarƙashin hijabi, ƙas, ƙas, ta ɗora jakar a ka yadda ta saba ɗaukar tulu tun tana yarinya, ta tattare zani ta shiga ruwa. Ruwan ya kai mata cinya, yana ja da ƙarfi, amma hannuwanta biyu a sake suke, ɗaya ya tallafi Kubra, ɗayan ya riƙe sandar da Ɗan'azumi ya miƙo mata. Ana yayyafi, ruwan na sauka kan murfin jakar yana gangarewa.

Malam Sabo ya ce, "Sannu Malama. Zazzaɓi ne ya kama ta tun asuba, kanta ke ciwo. Kemis za mu kai ta a Basirka a yi mata allura, in ruwan ya ja."

Barira ta buɗe ido da ƙyar. Fuskarta ta kumbura. Ta ce, "Malama, walƙiya nake gani."

Lailatu ba ta tsaya gaisuwa ba. A nan bakin rafi, ga maza tsaye, hijabinta na jikinta, 'yarta na bayanta, ta ɗora jakar a gefen kura ta ɗaga murfi. Na'ura a bushe take ƙayau. Ta ɗaura wa Barira a dantse, ta jira. Da lambar ta fito tsoro ya kama ta sosai, amma ba ta bari ya fito a muryarta ba.

"Malam, wannan ba zazzaɓi ba ne. Abin da ya ɗauke muku biyun farko ne ya dawo. In aka tsaya kemis, ina tsoron a rasa su duka biyu. Asibitin Birnin Kudu za mu, yanzu."

Ta juya masa na'urar ya gani, duk da ba karanta ta zai yi ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi matarsa, ya ce, "Abin da kika ce, Malama."

Ko dubawa ba ta yi ba hannunta ya faɗa aljihun magani, ta ba Barira ƙwayar da ke sauke jini. Daga wani aljihun ta zaro waya ta kira Malam Ikrima ya turo mota bakin titi. Mazan suka ɗaga tabarmar da Barira a kai, suka tsallakar da ita a kafaɗa. Lailatu ta bi su da jaka a ka, Kubra kuwa sai a lokacin ta farka, ta yi hamma, tana kallon shanu.

Likitoci suka riƙe Barira kwanaki suna lura da ita, daga baya suka yi mata aiki suka ciro ɗa namiji, ɗan mitsitsi, amma da kukansa. Malam Ikrima bai sake ta da zancen Ahmad ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne a wace rumfa aka samo jakar. Ita kuwa jakar goyon, Baba Simon ya ce zai karɓa, Malam Badamasi ya ƙi. Shi ke goya ta yanzu zuwa makaranta cike da littattafan yara, yana cewa shi dai bayansa ba mai shi.

Sai bayan an yi arba'in, gero ya fara nuna, Lailatu ta koma gidan mai jan fenti. Ta yi sallama ta wuce zaure. Surukar Barira ta tare ta da ƙwan zabi a ƙwarya, ta ce lallai a cikin jakar nan za a zuba su, don ta ji labarinta. Lailatu na jera su a aljihun soso sai ta ji an ce, "Malama."

Barira ce tsaye a ƙofar ɗaki, ta rame, amma idonta tar. Ba ta ƙaraso ba, sai ta juya baya a hankali. Goyo ne, ta ɗaure da sabon majanyi, har layin ninkinsa bai baje ba, wanda ta saya tun cikinta na fari. A sama ɗan ƙaramin kai na leƙowa cikin hular ulu.

Ta ce, "Taɓa ki ji, Malama. Ashe haka ɗumin yake."

Lailatu ta ajiye ƙwan da ke hannunta, ta je ta ɗora tafinta a bayan yaron.